Mujallar Ra'in Kimiyyar Kwamfuta: Fagen Bincikenta da Tasirinta ga Ilmi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta jinga ko kundin kammala digiri ya san mujallar ilmi. Mu a sashen Hausa mun saba da Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, da Harshe ta Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, da MAJOLLS ta nan Maiduguri. A wannan ɗan rubutu ina son in leƙa da mai karatu wata mujalla ta wani gida daban, wato Theoretical Computer Science, wadda za mu iya kiran ta Mujallar Ra'in Kimiyyar Kwamfuta. Zan yi bayanin irin binciken da take bugawa, da yadda ake auna tasirinta, da kuma dalilin da ya sa nake ganin ma'aunin da aka fi dogara da shi yana tauye mata haƙƙi. Wani zai ce ina ruwan biri da gada? Akwai ruwa ƙwarai, domin nahawun da muke karantawa a aji da lissafin da ke cikin wannan mujalla kakansu ɗaya.

Mene ne ra'in kimiyyar kwamfuta?

Idan aka ambaci kwamfuta, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne shagon buga takardu, ko mai gyaran waya, ko mai rubuta manhaja. Masanin ra'i ba ya ɗaya daga cikin waɗannan. Kayan aikinsa takarda ce da biro da allo. Tambayoyinsa kuwa manya guda uku ne. Wace matsala ce na'ura za ta iya warwarewa, wacce ce ba za ta taɓa iyawa ba? Idan za ta iya, matakai nawa za ta taka kafin ta gama? Sannan ta yaya za a tabbatar cewa amsar da ta bayar daidai ce a kowane hali?

Wannan fanni ya girmi kwamfutar kanta. A shekarar 1936 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alan Turing ya zayyana wata na'ura ta zuci, wadda ba ta da ƙarfe ko waya, ya kafa hujja da ita cewa akwai tambayoyin da babu wata na'ura da za ta iya amsa su, komai ƙarfinta. Sai a shekarar 1945 aka kammala ƙera ENIAC a Amurka, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko. Ke nan an san iyakar abin tun kafin a haife shi.

Ginshiƙin fannin shi ne abin da ake kira algoridim, wato jerin matakai tsararru waɗanda duk wanda ya bi su zai kai ga amsa, ko ya fahimci dalilinsu ko bai fahimta ba. Kalmar ta samo asali daga sunan Alhawarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Mu ma ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake cika hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai. A hatimi mai uku-uku, layin sama 4, 9, 2 ne, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Cika hatimi ɗaya gwaninta ce. Bayar da hanyar da za ta cika kowane hatimi mara, komai girmansa, wannan shi ne algoridim. Kafa hujja cewa hanyar ba za ta taɓa saɓawa ba kuwa, shi ne irin aikin da mujallarmu take nema.

Taƙaitaccen tarihin mujallar

An fara buga mujallar a shekarar 1975, shekarar da aka kafa Jami'ar Maiduguri. Wanda ya assasa ta kuma ya zama babban editanta na farko shi ne Maurice Nivat, wani Bafaranshe da ya rasu a 2017. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana wannan fanni ta Turai a 1972. Kamfanin Elsevier da ke Amsterdam ta ƙasar Holan ne yake buga ta, kuma a 2024 ta kai kundi na 1000. Tana da abokan tafiya, irin su Journal of the ACM da aka fara a 1954, da SIAM Journal on Computing ta 1972.

Maƙala ba ta shiga irin wannan mujalla sai ta sha tankaɗe da rairaya. Edita yakan aika ta ga wasu masana a asirce, su bi kowace hujja layi bayan layi. Ba abin mamaki ba ne a shekara ana wannan aiki. Dalili shi ne, abin da aka buga a matsayin tabbatacce wasu za su ɗora gini a kansa, idan kuwa tubalin ƙasa ya karkace, duk katangar ta tafi.

Fagen binciken mujallar

An kasa mujallar kashi uku. Kashi na farko ya shafi algoridim da na'urorin zuci da tsadar lissafi da kuma ra'in wasanni. Na biyu ya shafi manɗiƙi da ma'anar harsunan rubuta manhaja. Na uku kuwa ya shafi lissafin da ake kwaikwayo daga halittu, kamar yadda ƙwayoyin gado ko jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aiki, da kuma lissafin kwantam. Zan fi daɗewa a kan tsadar lissafi, saboda nan ne zuciyar fannin take.

Mu ɗauki mai keke Napep da ya tashi daga Bolori yana son ya kai ɗalibi ƙofar jami'a a hanyar Bama. Hanyoyi suna da yawa, wace ce mafi kusa? Wannan tambaya mai sauƙi ce a wurin masana. A 1959 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya buga wata maƙala mai shafi uku kacal wadda ta bayar da hanyar gano amsa cikin hanzari, ko da mararrabun gari sun kai dubbai. Taswirar da ke cikin wayoyinmu a yau jikokin wannan dabara take amfani da su.

To amma a ɗan sauya tambayar. A ce an ba shi kaya ya rarraba a wurare biyar: kasuwar Baga Road da Monday Market da Gamboru da Kwastam da Bulumkutu, sannan ya dawo Bolori. Da wanne zai fara, da wanne zai ƙare, don ya ƙona mai mafi ƙaranci? Idan wuraren biyar ne, zagaye iri 60 ne zai zaɓa daga ciki. Idan goma ne, sun zama 1,814,400. Idan suka kai ashirin, adadin ya zama lamba mai alƙaluma 19. Kwamfutar da ke duba zagaye biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta yi fiye da shekara 38 kafin ta gama duba su ɗaya bayan ɗaya. Akwai dabarun da suka fi wannan sauri nesa ba kusa ba, amma har yau ba a sami wadda za a rantse cewa aikinta ba zai kumbura ya gagara ba idan wurare suka ci gaba da ƙaruwa.

Abin lura a nan shi ne, idan wani ya kawo zagaye ya ce bai kai kilomita 30 ba, duba gaskiyarsa ba wuya, tarawa ce kawai. Nemo zagayen ne jidali. Shin duk matsalar da duba amsarta ke da sauƙi, nemo amsar ma yana da sauƙi, mu ne dai ba mu gano hanyar ba? Wannan ita ce tambayar da ake yi wa laƙabi da P da NP. Stephen Cook ya tsara ta a 1971, Richard Karp ya nuna a 1972 cewa matsaloli 21 da ake fama da su duk jirgi ɗaya ya kwaso su, wanda ya warware ɗaya ya warware sauran. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya amsa ta. Har yanzu kuɗin na nan ba mai ɗauka.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan masana ne. Kuɗin da muke turawa ta waya, da katin da muke miƙa wa mai POS, tsaronsu ya dogara ne a kan zaton cewa wasu matsalolin lissafi suna da wuyar gaske. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙira a 1977, ya ginu ne a kan cewa ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon ninkin yana da matuƙar wahala. Ranar da aka sami gajeriyar hanya, kwaɗon asusun kowa ya zama na banza.

Inda nahawu ya haɗu da na'ura

Yanzu bari mu dawo gida. Duk wanda ya yi darasin ginin jimla ya zana bishiyar li'irabi, ya kuma rubuta cewa jimla ta ƙunshi yankin suna da yankin bayani. Wannan salo na nahawun tsirau daga Noam Chomsky ya fito. Abin da ba a cika faɗa mana a aji ba shi ne, a maƙalunsa na 1956 da 1959 Chomsky ya kasa nahawu hawa huɗu gwargwadon ƙarfinsu, daga baya kuma aka tabbatar cewa kowane hawa yana da irin na'urar zucin da ta dace da shi. Hawan ƙasa na na'ura ce marar rumbun ajiya, hawan ƙoli kuwa na'urar Turing ce. Da aka zo tsara harshen manhaja na ALGOL a 1960, sai aka ga dokokin da aka rubuta masa daidai suke da ɗaya daga cikin waɗannan hawa. Saboda haka ɗalibin kwamfuta da ɗalibin Hausa bishiya iri ɗaya suke zanawa, kowa a ajinsa, ba tare da sun san juna ba.

Ga misali daga ginin kalma. Hausa tana da cikakken ninki: gida-gida, sannu-sannu, tafiye-tafiye, gine-gine. Yaro ɗan shekara huɗu yana yin sa ba tare da tunani ba. Amma masana ra'i sun tabbatar cewa gane kalmar da rabinta na biyu kwafin na farko ne, idan tsawonta ba shi da iyaka, ya fi ƙarfin hawa biyu na ƙasa. A 1985 Christopher Culy ya yi amfani da irin wannan ninki a harshen Bambara na ƙasar Mali wajen nuna cewa harshen ɗan Adam yakan zarce hawan da aka daɗe ana zaton ya ishe shi. Duk mai son ya gina manhajar da za ta feɗe kalmomin Hausa, ta gane jam'i da ninki da karin sauti, dole ya san da wace irin na'ura zai tunkari aikin. Amsar tana cikin irin waɗannan mujallu.

Zumuncin bai tsaya nan ba. Malamin Nivat, wato Marcel-Paul Schützenberger, ya yi rubutu tare da Chomsky a 1963, kuma shi ne ya nuna dangantaka mai zurfi tsakanin na'urorin zuci da wani reshen aljabara da ake kira semigurup. A wannan reshe Arewa tana da 'ya'ya. Farfesa Abdullahi Umar da Farfesa Goje Uba Garba, waɗanda suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi digirinsu na uku a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan a ƙarƙashin John Howie, wanda shi ma ya wallafa littafi a kan na'urorin zuci da harsuna a 1991. Ashe fagen ba na Turawa ba ne su kaɗai.

Yadda ake auna tasiri

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne wanda Eugene Garfield ya kawo shawararsa a 1955, aka kuma fara fitar da rahotonsa na shekara-shekara a 1975. Lissafinsa ba wuya. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka wuce, a cikin rubuce-rubucen bana, sai a raba da yawan maƙalun. A ce mujalla ta buga maƙala 200 a 2022 da 2023, aka ambace su sau 300 a 2024, to ma'auninta 1.5 ke nan. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙara wani ma'auni na mutum ɗaya: wanda ke da maƙala goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, makinsa 10 ne.

A wannan sikeli mujallarmu ba ta da nauyi. Makinta ya daɗe yana shawagi a kusa da 1, alhali manyan mujallun likitanci sukan haura 50. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce waccan ta fi wannan daraja sau hamsin. Akwai dalilai uku da suka sa hukuncin ya zama kuskure. Na farko, masana fannin ba su da yawa idan aka kwatanta da likitoci, kuma maƙalarsu ba ta cika jero manazarta masu yawa ba. Na biyu, al'adarsu ce su fara gabatar da sakamako a manyan tarurruka na shekara-shekara, sai daga baya cikakkiyar hujja ta fito a mujalla, ta tarar rabin ambaton ya riga ya tafi ga takardar taro. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shekara biyu ta yi kaɗan. Wanda ya shuka alayyafo da wanda ya dasa dabino, idan aka zo duba gonakinsu bayan wata biyu, mai dabino zai sha kunya.

Tasirin da sikeli ba ya gani

Gani ya kori ji, don haka ga misalai daga shafukan mujallar kanta. A 1979 Leslie Valiant ya buga maƙala a cikinta wadda ta nuna cewa ƙirga yawan amsoshin matsala yana iya yin wuya ko da nemo amsa ɗaya yana da sauƙi. Wannan ya buɗe sabon reshe sukutum, kuma yana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Turing ta 2010, wadda ita ce mafi girma a kimiyyar kwamfuta.

A 1987 Jean-Yves Girard ya buga wani sabon manɗiƙi a kundi na 50. A manɗiƙin da aka saba, magana idan gaskiya ce kana iya kafa hujja da ita sau ɗari. A na Girard kuwa, magana kamar kuɗi take: naira ɗarin da ka sayi ƙosai da ita ba za ka sake sayen koko da ita ba. A lokacin, masu rubuta manhaja ba su ga abin da zai amfane su ba. Sai ga shi harshen manhaja na Rust, wanda cikakkiyar fitowarsa ta farko ta zo a 2015, ya ginu a kan dangin wannan tunani don hana kurakuran da ke ba ɓarayin intanet ƙofa. Tsakanin shuka da girbi shekara 28.

A 1994 Rajeev Alur da David Dill suka buga ra'in na'urar zuci mai agogo. Daga gare shi aka gina manhajoji irin su UPPAAL na jami'o'in Uppsala da Aalborg, waɗanda ake gwada tsarin na'urorin da jinkirin daƙiƙa ɗaya zai iya jawo asara a cikinsu. Haka kuma takardar da Charles Bennett da Gilles Brassard suka gabatar a wani taro a Bangalore ta Indiya a 1984, a kan ɓoye saƙo ta hanyar kwantam, sai a 2014 mujallar ta sake buga ta, bayan duniya ta gane darajarta. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Su kansu masu fannin sun san agogonsu daban yake. Lambar yabo ta Gödel, wadda aka fara bayarwa a 1993, tana duba maƙalun da aka buga har shekara 14 baya. A 2012 kuma wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco, inda suka yi kira da a daina auna mutum da makin mujallar da ya yi rubutu a ciki, a karanta aikin nasa.

Wannan kira ya shafe mu kai tsaye. Idan ƙarin girman malami ya dogara ga yawan maƙalu da makin mujalla kawai, matashi mai basira zai guje wa tambaya mai wuya da za ta ci masa shekara uku, ya koma yanka bincike ɗaya gida biyar. Daga nan ne kasuwar mujallun bogi take buɗewa, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Mujallunmu na Hausa ma wannan sikeli bai san da zamansu ba, alhali maƙala ɗaya a Harsunan Nijeriya tana iya ciyar da ɗalibai shekara talatin.

Tsada da hanyar samu

Wani ƙalubalen shi ne kuɗi. Masana ne ke rubutawa, su ne ke tacewa kyauta, amma kamfani ya sayar wa ɗakunan karatu da tsada. A 2003 Donald Knuth, ɗaya daga cikin dattawan fannin, ya rubuta wa editocin Journal of Algorithms wasiƙa a kan hauhawar farashinta. Editocin suka ajiye aiki gaba ɗaya, suka kafa ACM Transactions on Algorithms wadda ta fara fitowa a 2005. A wannan shekara kuma aka fara Theory of Computing da Logical Methods in Computer Science, waɗanda kowa ke karantawa ba ko kwabo. Akwai kuma rumbun arXiv da aka buɗe tun 1991, inda masana da yawa ke ajiye maƙalunsu kafin a buga. Ɗalibin da ke Bolori, in dai yana da waya da ɗan data, ƙofa a buɗe take.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa wannan mujalla tana bincike ne a kan abin da na'ura za ta iya da wanda ba za ta iya ba, da tsadar aikin, da tabbacin amsa. Mun ga kuma tasirinta yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai guda biyu ce. Ta farko, idan za mu yi hukunci a kan mujalla, mu tambayi su wa ke tace ta da kuma abin da aka gina a kan maƙalunta, kafin mu tambayi makinta. Ta biyu, masu sha'awar nahawu su riƙa leƙa darasin na'urorin zuci a sashen lissafi da kwamfuta, su kuma gayyato ɗaliban can su zo su ga ninki da jam'in Hausa. Fanni ne da ba ya neman ɗakin gwaji mai tsada. A 2002 Manindra Agrawal da ɗalibansa biyu, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, waɗanda ba su daɗe da gama digirin farko ba a Kanpur ta Indiya, suka warware wata tsohuwar matsala a kan gane lambobin da ba sa rabuwa, aka ba su lambar Gödel a 2006. Abin da suka mallaka shi ne malami nagari da takarda da naci, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya gagari Maiduguri.